Bidiyon da Ɗahiru Ya Wallafa

Tun da Ɗahiru ya gama karatun aikin jarida yake yawo da takardunsa daga wannan gidan rediyo zuwa wancan. Ko'ina amsar ɗaya ce: babu gurbi, tsofaffin ma'aikatan ma rage su ake yi, sai dai in zai yi aikin sa kai. Ya yi ɗin har ya gaji, ko kuɗin mota ba a ba shi.

Daga ƙarshe ya samu wani shafin labarai na intanet mai ɗan ofis a Tarauni. Mai shafin, Oga Isyaku, bai ɓoye masa komai ba.

"Mu nan babu albashi. Yawan masu buɗe labarinka, yawan abin da za ka samu."

Ɗahiru ya amince, don ya gaji da miƙa wa mahaifiyarsa hannu.

Wata rana da hantsi aka turo masa bidiyo a waya. Wani mutum ne ya rungumo yarinya tana tsala ihu, yana kiciniyar shigar da ita adaidaita sahu a Gyaɗi-Gyaɗi. A ƙasa an rubuta: ɓarawon yara. Ya nuna wa Oga Isyaku.

"Oga, bari in bincika tukuna," in ji Ɗahiru.

"Kafin ka gama bincike wasu sun riga mu. Ga fuskarsa nan ƙarara. Saka shi kawai!"

Ɗahiru ya sake kallon bidiyon. Ya san ba haka aka koya masa ba. Amma rabonsa da samun abin kirki tun farkon wata. Ya runtse ido ya wallafa.

Nan da nan labarin ya bazu kamar ba a taɓa yi ba. Oga Isyaku har da dafa masa kafaɗa.

Bayan azahar abokinsa Sadiq, mai shagon waya a Gyaɗi-Gyaɗi, ya kira shi.

"Ɗahiru, kai ka saka wannan? Malam Markus ne fa, malamin firamaren layinmu! Ɗalibarsa ce ta faɗi ta karye, ya garzaya da ita asibiti. Ga samari nan sun tare shi da sanduna!"

Ɗahiru ya goge labarin, amma ina, tuni ya shiga wayoyin mutane. Ya fito a guje ya tari adaidaita, yana ta roƙon direban ya ƙara sauri.

Ko da ya isa, mahaifin yarinyar na tsakiyar taron yana ture mutane, yana kururuwa: "Ku bar shi! Shi ya taimaki 'yata!" Malam Markus kuwa yana kwance jina-jina, matarsa Rifkatu ta duƙa a kansa tana kiran sunansa.

Allah Ya yi yana da sauran kwana, amma ya rasa ido ɗaya.

Da 'yan sanda suka zo ofis, Oga Isyaku ko kallon Ɗahiru bai yi ba.

"Yallaɓai, ni ban ɗauki wannan yaron aiki ba. Da sunansa ya wallafa, ku tambaye shi."

Aka saka masa ankwa. A bakin ƙofa ya hangi mahaifiyarsa, da Sadiq ya sanar wa, tana tsaye tana kallonsa.

Jama'a, ƙarancin aiki da rashin albashi gaskiya ne, amma ba hujjar yaɗa labarin da ba a tantance ba ne. Ku kuma masu kafafen labarai, ku biya ma'aikatanku haƙƙinsu, domin ɗan jaridar da aka bari da yunwa haɗari ne ga kowa.