Idon Mai Rawa

Bugun guduma na farko a kan ɗan ƙaramin yatsa ya sauka. Selvam bai yi ihu ba, Kawu Zaharadden ne ya yi ihun a madadinsa.

Juma'a ce, an sauko daga masallaci, Madinar Masana'antu, unguwar maƙeru da kamfanoni, ta yi tsit, ko ka tsage maƙogwaro ba mai jin ka. Ƙarti biyu sun danne hannun Ba'indiyen a kan uwar maƙera. Ubangidansu Abdulelah, dillalin kayan sata, ya shimfiɗa kwali a kan wani curin yumɓu cikin waɗanda ake shanyawa a jikin bango, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana zuƙar taba.

"Ina gunkina?" in ji shi.

Kawu ya san inda yake, abin da ke cin ransa ke nan.

Tun yana da baƙin gashi yake hura wa Selvam wuta a wannan maƙera, suna zuba mariƙan ƙofa da gindin fitilu na tagulla. Sana'ar gado ce gidan su Selvam. Sai ya sassaƙa abu da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya shanya, ya gasa har kakin ya tsiyaye, ya ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa, sannan a fasa yumɓun. A can ƙasarsu gumakan ibada kakanninsa ke zubawa. Ya taɓa gaya wa Kawu cewa ƙwayar ido ake zanawa a ƙarshe, kafin nan ƙarfe ne kawai.

Da bazara yaran Abdulelah suka kawo kwantenar tsofaffin ƙarafa daga tashar jiragen ruwa, suka ce a ajiye musu. A ƙarƙashin tarkacen Selvam ya ci karo da wani gunkin tagulla, mai rawa. Hannu huɗu, ɗaya riƙe da ganga, ɗaya da wuta, da'irar harsunan wuta kewaye da shi, ƙafa ɗaya a sama, ɗayar a kan wani ɗan wada. Tsohon ya zube a gabansa yana kuka wiwi. Daga wurin bautar ƙauyensu aka sace shi, a gaban gunkin nan aka raɗa wa Selvam suna.

"Gangar nan da ita ake fara duniya, wutar nan da ita ake naɗe ta," in ji shi. "Wadan nan jahilci ne. Wannan tafin da ya ɗaga kuma cewa yake kada ka ji tsoro."

Kawu dai musulmi ne, gunki ba ya gabansa. Amma hawayen abokinsa sun taɓa shi.

Daga ranar Selvam ya canza. Ya daina fita cin abinci, kakin zuma ya riƙa ƙarewa ba gaira ba dalili, kullum sai ya aiki Kawu unguwar Bani Malik sayen gishiri da ruwan tsami, wai ya yi kewar abincin gida. Shekaranjiya ya ja shi bayan tanderu, ya ɗaga wani falanki, ya nuna masa mai rawa kwance cikin buhu, ya yi kore shar don tsufa, fuskarsa lumshe kamar mai barci.

"Sadiƙ, abokina, kai kaɗai ka sani. Ko kashe ni za su yi, kada ka faɗa."

Kawu ya rantse. Wayyo, ina ma bai rantse ba!

Bugu na biyu ya murƙushe yatsan tsakiya. Jini ya yi tsartuwa har kan rigar Kawu. Ya zabura, ɗaya ƙaton ya tare shi da gwiwa a ciki, ya bi shi da mari har haƙori ya faɗo. Abdulelah ya murje tabarsa a jikin curin da yake zaune.

"Kai Takaruni ɗan ci-rani, ko iƙama, takardar zama, ba ka da ita. Waya ɗaya zan buga a kwashe ka. Yi magana."

Bai yi ba. Korar ba ta dame shi ba, hannun nan ne damuwarsa. Hannun da ke fitar da gashin gira a jikin kaki, yau ana daka shi kamar daddawa.

Selvam ya ɗago, idonsa jajur, ya girgiza masa kai.

"Yalla, kawo ludayin," in ji Abdulelah.

Suka ɗebo narkakkiyar tagulla daga tanderu, tana tafasa tana tartsatsi, suka tsayar da ludayin a saman tafin tsohon. Ɗigo ɗaya ya sauka. Ƙaurin nama ya cika maƙerar, wannan karon Selvam ya kurma ihu.

"Halas! Halas! Yana bayan tanderu!" in ji Kawu.

Kawu da kansa ya rarrafa ya jawo buhun, yana kuka yana zagin kansa. Abdulelah ya shafa koren tsatsar, ya dubi ragargajajjen hannun, ya yi murmushi. Ba wanda zai ba da yatsunsa a kan abin banza. Suka ɗora a mota, suka yi gaba.

Kawu ya yage rigarsa yana ɗaure raunin, ya kasa haɗa ido da shi.

"Na ci amanarka, Selvam. Na kasa."

Tsohon ya ɗaga lafiyayyen tafinsa.

"Na san za ka kasa, sadiƙ. Shi ya sa kai na nuna wa. Na cikin buhun ni na zuba shi. Da ka faɗa tun bugun farko, da ba su yarda ba." Ya nuna bango da haɓa. "Ɗauki guduma. A hankali."

Kawu ya janye kwalin, ya ƙwanƙwasa curin daidai inda tabar ta bar baƙin tabo. Yumɓun ya tsage, wani ɓangare ya faɗo, sai ga tsohon idon tagulla a buɗe tar, da ƙwayarsa, yana kallon su.