Wasiƙar da ke cikin jakata

Bayan la'asar ne, a gidanmu na unguwar Mansur a Makka, ina 'yar shekara tara. Baba ya kasa kunne ga rediyo, ana karanto sunayen sababbin kwamishinonin jiharmu can Najeriya, don gwamna ya yi garambawul. Gwamnan kuwa abokin Baba ne tun suna yara.

Aka gama, babu sunansa. Ya kashe rediyon ya ce, "Khalas, shi ke nan. Ko gaisuwa bai aiko min ba."

Alhali wasiƙar gwamnan tana cikin jakar makarantata. Wani alhaji ne ya ba ni ita a ƙofar gida sati uku kafin nan, yana dariya: "Kai wa babanki, 'yata. Ku fara haɗa kaya, kwamishina za a ba shi." Ni kuwa ba na son barin Makka da ƙawayena, sai na ɓoye ta.

Gwamnatin ba ta ƙara wata huɗu ba aka rushe ta, da wannan nake lallashin kaina. Amma har Baba ya rasu bai ƙara ambaton sunan abokin nan ba. Wasiƙar kuma har yau na kasa buɗe ta.