Shafin Ruwan Godiya

Alhaji Abdulgafar, shugaban ƙungiyar manoman Faskari, bai taɓa ganin Kamilu da gashi a ka ba. Yaron da ko difloma bai ƙarasa ba, wai shi ne mai kula da shafin intanet na ƙungiya.

Ya san dai yaron ya yi dabara ɗaya. Da, ranar kasuwa rumbun bayanai kan durƙushe saboda yawan masu neman farashi. Sai Kamilu ya sa injin ya riƙa haɗa shafi sau ɗaya, ya ajiye kwafinsa ya yi ta miƙa wa jama'a, kamar tuwon gidan biki. Da asuba a zubar da na jiya, a tuƙa sabo.

Shafin garin Damari na sabuntawa. Na Ƙanƙara ma haka. Na Ruwan Godiya kuwa ya ƙi motsi tun kaka: "Saudatu tana da barkono, a kira ta." Dillalai suka yi ta ƙorafi. In sun kira suka ce Saudatu suke nema, sai wani namiji ya ce, "Wa kuka ce?" Su maimaita. Sai ya kashe.

Alhaji ya sami Kamilu a ofis, ya rame, rigarsa duk ta yamutse kamar ba mai kula da shi.

"Kai, injiniyan gangan! Barkonon bara kake tallata mini? Ko ka share wannan kwafin yanzu, ko ka ajiye makulli."

"Alhaji, a bar shi zuwa jibi."

"Jibin gidanku. Ita ma wannan mata, wace irin sakarya ce da ba ta iya ɗaga waya?"

Kamilu ya sunkuyar da kai, ya danna. Shafin ya koma rumbu ya ɗebo gaskiyar yau. Gero ya hau, dawa ta sauka. Layin barkono ya ɓace.

Alhaji ya taɓe baki. Lambar Saudatu na cikin wayarsa tun da wani dillali ya turo masa ita, ya kira don ya wanke ta tas.

Wata ƙaramar waya ta yi ƙara a aljihun Kamilu.

Bai ciro ta ba. Ya ce, "Tun da aka yi sadakar arba'in, Alhaji, ba mai kiran sunan matata sai masu neman barkono."