Kwanciyar Duna ta Ƙarshe

Baba ya yi fito, karenmu Duna bai waiwaya ba. A nan gabana ya faɗi. Shekarar fari ce, muna gona bayan la'asar muna tonon gyaɗar da ba ta yi ba. Da guntun tuwon da ko mu bai ishe mu ba Baba ya horar da Duna. Sai ga shi ya nufo ni, yawu na dalala, idanu jajur.

"Kar ki gudu, uwata," in ji Baba a hankali. "Ya haukace. Kina gudu zai cije ki."

Na sandare. Har warin mushen da ya ci ina ji.

Baba ya daka tsawa, "Duna! Kwanta!"

Ya tsaya, jikinsa na ɓari. Sannan ya kwanta, ya ɗora haɓa a ƙasa yadda aka koya masa, yana jiran lomarsa. Baba ya sauke masa fartanya a ka.

Har yau ina tuna wannan jiran.

Gab da magariba Inna ta gama duba jikina kaf, ta ce, "Ko ƙwarzane babu. Kin tsira, yarinya."