Tsohuwar Ƙarƙashin Tebur

Yaya ya shigo da mai sayen tsoffin ƙarafa har falo, ya nuna kwamfutar da ke gurnani a ƙarƙashin tebur.

"Ɗauke ta. Ko allo ba ta da shi, sai shan wuta ba hutu."

Na sha gabanta. "Wallahi Yaya, sai dai ka haɗa da ni a buhun."

"Ke kin cika taurin kai. Me ke cikinta?"

"Hotunan gidan nan kaf, da muryar Umma."

Ya yi dariya, ya zaro wayarsa. "Wannan? Ai tana wayata, kullum sai na saurara." Ya danna. Muryar marigayiya ta cika falon, tana mana faɗan barin ƙofa a buɗe.

Na sunkuya na zare filogin kwamfutar.

Gurnanin ya ɗauke. Umma ma ta yi shiru, ba ta ƙarasa maganarta ba.

Na dubi Yaya. "Daga ina kake zaton wayarka ke jawo ta?"

Mai ƙarafa ya buɗe buhunsa. Yaya ko kallonsa bai yi ba. Ya durƙusa da fararen kayansa a ƙarƙashin tebur, yana laluben soket.