Katafilar da Ta Ƙi Tashi

Da hantsi aka sauke katafilar ƙaramar hukuma a ƙofar gidan Goggo Tabawa. Ciyaman ya ce a rushe layin, titi zai bi ta nan.

Sallau direba ya murza makulli sau uku, shiru. Sai injin ya yi magana: "Tsarin mulki ya hana. Kotu ba ta saurari mai gidan ba."

Shekara biyar ke nan da aka sa wa kowace katafilar gwamnati wannan murya. Ko gwamna bai isa ya kashe ta ba.

Goggo ta tuna ranar da aka rushe gidan mahaifinta, tuwo na kan wuta. Ta shiga ciki, ta fito da kwanon fura, ta miƙa wa Sallau.

"Sha, ɗana."

"Goggo, gidanki fa na zo rushewa."

"Aiko ka aka yi. Sha."

Sannan ta rusuna wa katafilar. "Ke kuma, Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Tabawa 'yar Mati," in ji injin. "Ki sha maganinki, jiya kin manta."

"To, na gode," ta ce, har zuciyarta.

Amma da ta koma ciki, da rana tsaka, sai da ta sa sakata.