Irin da Ƙwaro Ya Ƙi

"Ƙaninka ƙarya ya yi maka, shi ke nan," in ji Nguavese.

Mijinta Torkuma ya jefar da karan masara a gabanta, tsutsa ta rarake shi tas. Gonarsu ta Adogi duk haka take, ga yara biyar, ga rumbu ya kusa ƙarewa. Ƙanin nasa kuwa ya rantse masa a ɗakin bincike aka gyara irin masarar da ya ba shi, ƙwaro ba ya cinsa.

"Maman Wandoo, ke na ba shukar. Dubi idona, me kika shuka?" in ji Torkuma.

Baiwar Allah sai murza bakin zani take yi.

"Tsohon irinmu. Na ƙaninka kuwa na ajiye shi a rumbu, ƙwari suka ƙi taɓawa. Abin da ƙwaro ya ƙi ci zan ba 'ya'yana?"

"Yana ina?"

"Na ba matar Iorchia kyauta don in rama. Ka san zagin da ta yi mini a kasuwa."

Gonar Iorchia kaɗai ce kore shar bana, jiya ma can Torkuma ya je roƙon ƙwadago.

Ya fita, ya buga ƙofa har kwanon rufi ya amsa.